Babi na 7: Kafin Yawu Ya Tsinke

A shekarar 1923, wata likitar jijiyoyi a birnin Warso na ƙasar Folan, mai suna Łucja Frey, ta wallafa labarin wani saurayi da harsashi ya taɓa samu a bayan muƙamuƙi, dab da kunne. Raunin ya yi ruwa, aka yi jinyarsa, ya warke. Sai dai ya bar masa wata alama da ba a saba gani ba. Da zarar ya sa loma a baki ya fara tauna, sai kuncinsa na wannan gefen ya yi ja, ya ɗau zafi, gumi ya riƙa tsattsafowa har ya gangaro. Ɗaya kuncin kuwa yana nan a bushe kamar ba a yi komai ba.

Har yau likitoci na kiran wannan larura da sunan Frey, kuma sun fi ganinta ga mutanen da aka yi wa tiyata a gefen kunne. Bayanin da aka amince da shi daga baya shi ne, raunin ya datse siraran jijiyoyin da ke kai saƙo zuwa maɓuɓɓugar yawu. Da jijiyoyin suka sake tofowa, sai suka ɓata hanya, suka je suka liƙe wa ƙwayoyin da ke fitar da gumi a fatar kunci. Ƙwaƙwalwa na ba da umarni a kawo yawu, umarnin na isa wurin da ba shi aka nufa ba, kuma masu gumin na amsawa, domin sinadarin da ake kiransu da shi iri ɗaya ne da wanda ake kiran masu yawu. A asibiti akan tabbatar da larurar cikin sauƙi: a shafa aidin a kunci, a bar shi ya bushe, a barbaɗa garin sitaci, sannan a ba mutum wani abu mai tsami ya tsotsa. Cikin 'yan mintoci duk inda gumin ya fito zai rine ya zama shuɗi mai duhu, har a ga iyakar wurin da jijiyoyin suka ɓace.

Abin da kuncin saurayin nan ya nuna shi ne, yawu ba ya zuba don kansa. Sai an kira shi. Kiran kuma yana bi ta hannu da hannu, daga harshe zuwa ƙwaƙwalwa, daga ƙwaƙwalwa zuwa jijiya, daga jijiya zuwa ƙwayar halitta, daga wannan ƙwayar zuwa maƙwabciyarta, duk cikin ƙiftawar ido.

Mutum na da manyan maɓuɓɓugan yawu guda shida, uku a kowane gefe. Mafi girma tana gaban kunne, ita ce ke kumbura wa yaro idan ya kamu da hangum. Ta biyu tana ƙarƙashin muƙamuƙi, ta uku tana ƙarƙashin harshe. Ban da su akwai ɗaruruwan ƙanana a leɓe da kumatu da ganɗa. Gaba ɗaya suna fitar da abin da ya kai rabin lita zuwa lita ɗaya da rabi a kullum, kuma kashi 99 cikin 100 na wannan ruwa ne zalla. Idan mutum na zaune ba ya cin komai, ta ƙarƙashin muƙamuƙi ce ke ɗaukar kusan kashi biyu cikin uku na aikin. Idan aka fara tauna, sai ta gaban kunne ta taso da ƙarfinta. Bututun da take zubo yawu ta cikinsa yana buɗewa a cikin kunci, daura da turamen haƙora na sama, kuma wani ɗalibi ɗan ƙasar Denmak, Niels Stensen, ya gano shi a 1660 a birnin Amstadam lokacin da yake feɗe kan tunkiya. Ya zura siririn ƙarfe a wata kafa, sai ya ji ƙarfen ya bugi haƙori.

Idan aka yanki ɗan tsokar maɓuɓɓugar aka sa a ƙarƙashin madubin bincike, za a ga ƙananan gungu birjik, kowane gungu ƙwayoyi ne kaɗan da suka yi da'ira suka bar ɗan rami a tsakiya. A cikin ramin nan ake fara zuba yawu. Daga nan ya shiga siririn bututu, siraran su haɗu su zama manya, har a kai bakin mutum. A bayan kowane gungu akwai wasu ƙwayoyi masu dogayen yatsu da suka rungume shi, waɗanda ke matse shi idan lokacin zubarwa ya yi.

An daɗe ana ɗaukar yawu a matsayin ruwan jini da ke tacewa kawai. Carl Ludwig, masanin aikin jiki ɗan ƙasar Jamus, shi ya rushe wannan zato a wajajen 1850 yana aiki a Zurik. Ya motsa jijiyar da ke zuwa maɓuɓɓugar ƙarƙashin muƙamuƙin kare, yawu ya ɓalle. Sai ya toshe bututun da ma'aunin matsi, ya ga ƙarfin da yawun ke turowa da shi ya zarce ƙarfin bugun jinin da ke shiga maɓuɓɓugar. Ruwan da ake tacewa ba zai taɓa fin ƙarfin abin da ke turo shi ba. Ke nan ƙwayoyin da kansu ne ke aikin, jijiya kuma ita ke sa su. A 1858 Claude Bernard na Faransa ya ƙara da cewa wannan jijiyar na buɗe hanyoyin jini ma, har jinin da ke fita daga maɓuɓɓugar, wanda aka saba gani da duhu, ya koma ja wur.

Daga nan aka ci karo da wani abin ɗaure kai da ya ɗauki fiye da shekara ɗari. Wani masani mai suna Rudolf Heidenhain ya ga cewa idan aka ba dabba maganin atirofin sannan aka motsa jijiyar, yawu ba ya fitowa ko ɗigo, amma hanyoyin jinin na buɗewa kamar da. Yaya magani zai toshe rabin saƙo ya bar rabi? Amsar ta fito ne a wajajen 1980, lokacin da Jan Lundberg da abokan aikinsa a cibiyar Karolinska ta ƙasar Siwidin suka nuna, a maɓuɓɓugar kyanwa, cewa jijiya ɗaya na sakin sinadarai biyu a tare: asetilkolin, wanda atirofin ke toshewa, da wani ɗan guntun furotin da ake kira VIP, wanda atirofin bai san da zamansa ba. A lokacin, yawancin masana na koyar da cewa kowace jijiya sinadari ɗaya take da shi. Maɓuɓɓugar yawu na cikin wuraren da suka tilasta aka gyara wannan darasi.

Jijiyoyi iri biyu ne ke zuwa wurin, kuma ba kamar yadda suke yi a zuciya ba, inda ɗaya ke sa gudu ɗaya ke ja da baya, a nan dukkansu sa aiki suke yi. Na farko, masu asetilkolin, su ke kawo ruwa mai yawa. Na biyu, masu noradirenalin, su ke sa ƙwaya ta zazzage furotin ɗin da ta tara a 'yan ƙunshi, irin su amiles mai narkar da sitaci, wanda shi ya sa tuwo ko burodi ke ɗan yin zaƙi idan aka daɗe ana tauna shi. Cibiyar da ke ba su umarni tana gindin ƙwaƙwalwa, tana sauraron ɗanɗano da tauna da ƙanshi. Ba abin da ke tayar da ita kamar tsami, shi ya sa tsamiya da lemon tsami ke cika baki nan take. Tana kuma sauraron sassan ƙwaƙwalwa na sama. Tsoro na danne ta, bakin mai laifi ya bushe a gaban alƙali. Barci na kwantar da ita har yawu ya kusa tsayawa cak, abin da ke sa baki wari da safe. Karnukan Ivan Pavlov na Rasha, wanda ya karɓi kyautar Nobel a 1904 kan binciken narkewar abinci, sun nuna cewa ana iya koya mata amsa alamar da ba ta da alaƙa da abinci ko kaɗan.

To me ke faruwa idan asetilkolin ya iso? Yana sauka ne a bayan ƙwayar, ya dace da wani furotin mai karɓar saƙo da ake kira M3. Shi kansa ba ya shiga ciki. Mai karɓar ne ke sa a ƙera wani ɗan aike na cikin gida, IP3, wanda ke zuwa ya buɗe rumbun da ƙwayar ke ɓoye kalsiyam. A lokacin hutu, kalsiyam ɗin da ke yawo a cikin ƙwaya bai kai kashi ɗaya cikin dubu goma na wanda ke wajenta ba, don haka ko ɗan ƙari aka samu, ko'ina sai ya ji. Masu bincike kan sa wa ƙwayoyin wani rini mai haske idan ya haɗu da kalsiyam, su ɗauki hoto. Hasken kan kunnu ne daga gefen da ke fuskantar ramin gungu, sannan ya bazu zuwa baya, ya dushe, ya sake kunnuwa, a kai a kai muddin saƙon na zuwa.

Kalsiyam ɗin ne ke buɗe ƙofofin kulorayid a gefen ramin. Kulorayid ya kwarara waje, sodiyam ya bi shi ta tsakanin ƙwayoyi, ga gishiri ya taru a cikin ramin. Ruwa kuwa duk inda gishiri ya taru can yake nufa. Ƙwayar ba ta da wata hanyar ɗibar ruwa ta tura shi, gishiri take turawa ruwa ya biyo baya, ta wasu ƙofofi na musamman da ake kira akwaforin 5. An gano wannan ƙofa a 1995 daga maɓuɓɓugar yawun ɓera, a ɗakin binciken Peter Agre na Amurka, wanda ya sami kyautar Nobel a 2003 saboda gano dangin waɗannan ƙofofin ruwa. Ƙofar kulorayid ɗin kuwa sai a 2008 aka san ko wane furotin ne.

Yawun farko da ke cikin ramin yana da gishiri daidai da na jini. A kan hanyarsa ta fita, ƙwayoyin bututu na janye mafi yawan gishirin su mayar wa jiki, su bar ruwan ya wuce. Da ba don haka ba, da harshe na jiƙe cikin ruwan gishiri dare da rana, da kuma ɗanɗanon gishirin miya ya yi wuyar ji.

Saura tambaya ɗaya: gungu na da ƙwayoyi da yawa, kuma ba kowacce ce bakin jijiya ke kusa da ita daidai da sauran ba. Ta yaya suke tashi tare?

Farkon amsar ya fito daga maɓuɓɓugar yawun da ba ta dabba mai shayarwa ba. A farkon shekarun 1960, Werner Loewenstein da Yoshinobu Kanno na aiki a Jami'ar Kolambiya da ke birnin New York kan tsutsar ƙudan 'ya'yan itace, saboda ƙwayoyin yawunta manya ne, suna da sauƙin sokawa da allurar gilashi. Abin da suke nema daban ne, suna auna fatar cibiyar ƙwaya. Sai suka lura cewa idan suka tura lantarki cikin ƙwaya ɗaya, allurar da ke cikin maƙwabciyarta na jin sa kusan da cikakken ƙarfinsa. Suka zuba rini mai ƙyalli a ƙwaya guda, rinin ya bi layi yana shiga na kusa da ita ɗaya bayan ɗaya, bai zube a waje ba. Sun wallafa wannan a 1964. Kafin nan, an san irin wannan haɗi a jijiyoyi da tsokar zuciya, amma ana ganin sauran ƙwayoyin jiki kowacce a rufe take ruf. A 1967 Jean-Paul Revel da Morris Karnovsky na Jami'ar Harvard suka ga wurin haɗin da madubin lantarki.

Abin ya yi kama da 'yar ƙofar nan da maƙwabta biyu kan huda a katangar da ta raba gidajensu, wadda ake miƙa wuta ko gishiri ta cikinta ba sai an zagaya ta zaure ba. Kowace ƙwaya na kawo rabin ƙofar, wanda furotin shida da ake kira koneksin suka haɗu suka yi. Rabi ya haɗu da rabi, hanya ta buɗe daga cikin wannan ƙwaya zuwa cikin waccan, kuma irin waɗannan kan taru da ɗaruruwa a wuri guda. Faɗin hanyar bai wuce nanomita ɗaya da rabi ba. Kalsiyam da IP3 da sauran ƙananan 'yan aike na wucewa, manyan furotin da kayan gado ba sa wucewa. Mutum na da koneksin iri 21. Ƙwayoyin gungu na yawu na amfani da mai lamba 26 da mai lamba 32, masu yatsun da ke matse gungu kuma na amfani da mai lamba 43, wanda shi ne ke haɗa ƙwayoyin tsokar zuciya su buga tare.

Ƙofofin ba a buɗe suke kullum ba. Kanno ya koma Japan, inda shi da abokan aikinsa a Jami'ar Hiroshima suka nuna, a maɓuɓɓugar ƙarƙashin muƙamuƙin ɓera, cewa idan aka zuba sinadaran da ke sa fitar yawu da ƙarfi, rini na rage wucewa tsakanin ƙwayoyin. Wato a tsakiyar aiki mai tsanani, ƙofofin na tsukewa. A fankiriyas, wadda gungunta ya yi kama da na yawu sosai, masu bincike a Janeba sun ga a 1998 cewa ɓerayen da ba su da koneksin 32 na zubar da amiles fiye da kima ko da ba a kira su ba. Haɗin na taimaka wa saƙo ya bazu, yana kuma hana ƙwaya ɗaya yin gaban kanta. Ƙimar waɗannan furotin ta fi fitowa fili a wasu sassan jiki. Matsala a koneksin 26 ita ce kan gaba wajen haddasa kurumtar gado a ƙasashe da dama, kuma ita aka samu a Adamorobe, wani ƙauye a kudancin Gana da ya shahara da yawan kurame har suka ƙirƙiro maganar hannu tasu ta kansu.

Makiyayi ya san yawu fiye da kowa. Saniya babba na fitar da lita 100 zuwa 150 a rana, wani lokaci fiye, kuma yawunta cike yake da sinadarin bayikabonet, wanda ke cikin kanwa. Aikinsa kashe tsamin da ke taruwa a tumbi yayin da ciyawa ke ruɓewa a ciki. Tuƙa ce ke kiransa: gwargwadon yadda saniya ta tauna, gwargwadon yawun da za ta samu. Idan aka cika ta da hatsi aka rage mata harawa, tuƙa ta ragu, yawu ya ragu, tumbi ya yi tsami, dabba ta kwanta. Masu kiwon turka na sallah kan gamu da wannan. Maɓuɓɓugar gaban kunnen tunkiya ma tana da wata baiwa da ta mutum ba ta da ita, ba ta tsayawa gaba ɗaya ko da an yanke jijiyarta.

Zancen da ƙwayoyin maɓuɓɓugar yawu ke yi da juna ya fara tun kafin a haifi dabba. A cikin tayin ɓera, wajajen kwana na 11 zuwa 12, wani ɗan tsiro kan ɓullo daga fatar baki ya nutse cikin tsokar da ke ƙarƙashinta. A 1953 Clifford Grobstein na Amurka ya raba tsiron da tsokar da ke kewaye da shi, ya rene shi shi kaɗai. Bai yi reshe ko ɗaya ba. Da ya mayar da su tare sai rassa suka fito, kuma ko da ya sa siririn matacin da ya hana su cuɗanya a tsakaninsu, saƙon ya ratsa. Yau an san ɗaya daga cikin manyan kalmomin wannan saƙo, furotin FGF10. Ɓeran da ba shi da shi ba ya yin maɓuɓɓugar yawu sam, kuma akwai iyalai a cikin mutane da ke gadon rauni a wannan furotin, ana haifar 'ya'yansu da ƙarancin yawu da hawaye, haƙoransu na ruɓewa tun suna ƙanana. A 2010 wasu masu bincike, Sarah Knox da Matthew Hoffman, suka nuna cewa jijiyar ma ba jira take a gama gini ta zo ba. Tun tsiron na ƙarami take tare da shi, kuma asetilkolin ɗinta ne ke raya ƙwayoyin asali da sauran ke fitowa daga gare su.

Wani babban abin da ilimin likitanci ya sani game da yadda ƙwayoyi ke umartar juna su girma, daga yawun ɓera ya fito. A shekarun 1950, a birnin St. Louis, Rita Levi-Montalcini 'yar Italiya da Stanley Cohen na neman sinadarin da ke sa jijiya tofowa. Cohen ya yi amfani da dafin maciji don tsarkake samfurinsa, sai ya ga dafin ya fi samfurin ƙarfi nesa ba kusa ba. Ya tuna cewa jakar dafin maciji 'yar'uwar maɓuɓɓugar yawu ce, ya gwada ta namijin ɓera, ya same ta maƙil da sinadarin. Da ya yi wa jariran ɓeraye allurar ruwan maɓuɓɓugar, sai ya ga wani abu daban: idanunsu na buɗewa a kwana 7 maimakon 12 zuwa 14, haƙoransu na fitowa da wuri. Ya bi sawun wannan har ya ware furotin na biyu a 1962, mai sa ƙwayoyin fata hayayyafa, wanda ake kira EGF. Su biyun sun raba kyautar Nobel a 1986, kuma magungunan ciwon daji da dama na yau an ƙera su ne don toshe mai karɓar saƙon EGF da danginsa.

A ƙasar Hausa ana ganin abin da ke faruwa idan aka taɓa wannan layin saƙo ta kowane ɓangare, kuma abin ba daɗin gani. Zaƙami, wanda wasu ke kira haukata-yaro, na ɗauke da dangin atirofin. Yana zama a kan mai karɓar saƙo ya hana asetilkolin wurin sauka, sai a kawo matashi asibiti baki a bushe ƙamas, fata da zafi ba gumi, ƙwayar ido a buɗe, yana sambatu. Fiya-fiya da ire-irensa na maganin ƙwari kuwa akasin haka suke yi. Suna kashe sinadarin da ke share asetilkolin bayan ya gama isar da saƙo, sai kiran ya ƙi yankewa. Yawu ya yi ta dalala, gumi da hawaye su zubo, ƙwayar ido ta tsuke, ƙirji ya cika da majina har numfashi ya gagara. Abin da likita ke ceton mai wannan hali da shi shi ne atirofin, yana ƙara allura har sai ƙirjin ya bushe. Kwalbar maganin ƙwarin da ake ajiyewa a ƙarƙashin gado inda yaro zai iya kai hannu ta cancanci a ji tsoronta fiye da yadda ake ji.

Bushewar baki ta yau da kullum ma sau da yawa daga katsewar saƙo take. Ɗaruruwan magunguna na haddasa ta, ciki har da wasu na mura da ƙaiƙayi da na damuwa, domin suna ɗan toshe M3. A cutar da likitan ido ɗan Siwidin Henrik Sjögren ya bayyana a 1933, wadda ta fi kama mata da kusan tara cikin goma, garkuwar jiki ce ke afka wa maɓuɓɓugan yawu da na hawaye, kuma akan tarar da gungu masu yawa da ransu a bakin da ya bushe sarai. Ga irin waɗannan akan ba da filokafin, maganin da aka samo daga ganyen wani tsiro na Kudancin Amurka, wanda ke kwaikwayon asetilkolin ya tayar da ƙwayoyin da suka rage.

Waɗanda aka gasa wa ciwon dajin kai ko wuya da haske su suka fi shan wuya, domin hasken na hallaka ƙwayoyin gungu ya bar bututu. Mutum ya kasa haɗiye tuwo sai da ruwa, ya kasa doguwar magana, haƙora su lalace. Bruce Baum da abokan aikinsa a cibiyar binciken lafiya ta ƙasar Amurka sun yi tunanin ba ƙwayoyin bututun da suka tsira ƙofar ruwan da ba su da ita. Suka ɗora ƙwayar gadon akwaforin 1 a kan wani bairos da aka raunana, suka tura shi ta cikin kunci, ta bakin bututun maɓuɓɓugar gaban kunne. A sakamakon da suka wallafa a 2012, cikin majinyata 11 da aka yi wa gwajin, yawun shida ya ƙaru, biyar daga cikin shidan kuma suka ce bushewar bakin ta yi musu sauƙi.